Kunyar Ɗan Fari Ta Hana Ni Kiran Sunan Ɗana

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin da za ni ba ku labari ya faro, ni sabuwar amarya ce a wani babban gidan malamai a Sabon Birni, yarinya mai ji da kanta. Abin da nake taƙama da shi kuwa ba kyau ba ne, ba kayan ɗaki ba ne, kunya ce. Na tashi a wani ƙauye a yankin Tsamaye, mahaifina Bagobiri manomi, mahaifiyata Bafulatana, kuma a hannunta na koyi cewa macen kirki ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kama sunansa. Ni ce 'yar farinta, don haka daga ciki na san abin. Har aka kai ni ɗakin miji ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kullum "ke" ce ni, ko "waccan". Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don na san in zazzaɓi ya kwantar da ni ita ce ba ta iya cin abinci. Da na je gidan miji sai na ɗauki halin nan na ƙara masa gishiri. Matan gidan suka shiga yabona, ana cewa an samo 'yar gidan tarbiyya, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura a ƙarƙashin mayafi.

Da Allah ya ba ni haihuwa sai na sami namiji, aka sa masa sunan surukina, wato mahaifin maigidana, wanda duk unguwa ke kira Malam. Kun ga ke nan ƙofa biyu aka rufe mini: ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruki da mace ba ta furtawa. Ni kuwa ko a jikina, murna ma na yi, don na sami filin nuna bajinta. In za ni ba shi nono sai na juya wa mutane baya, ina gamawa in miƙa shi ga duk wadda ke kusa kamar wadda aka ba ajiya. In ya yi kuka sai in ce a duba yaron nan. Sauran 'yan gidan kowa ya laƙaba masa nasa sunan. Kakarsa na ce masa maigidanta, gwaggonninsa da nasu, yaran gida da nasu, har mai kawo mana ruwa yana da abin da yake kiransa da shi. Yaro ya tashi da sunaye barkatai, amma babu ɗaya da za a ce shi ne nasa. Jariri ne marar rigima, in aka kwantar da shi sai ya ƙura wa rufin ɗaki ido ya yi shiru, kowa na cewa ya gado haƙurin uwarsa.

Sai da ya wuce yaye sosai hankalina ya fara tashi. Sa'o'insa na cewa Inna da Baba, suna nuna akuya da yatsa suna dariya, shi ko kalma ɗaya babu. In an kira shi ba ya waiwayowa, in an tsaya gabansa sai ya dubi gefen mutum. Aka fara cewa kurma ne, amma ni na san ƙarya ne, don tun babur ɗin ubansa yana bakin layi yake miƙewa ya nufi zaure. Ba ya wasa da yara. Abin da yake so shi ne ya tara ƙwallayen dabino ya jera su a gindin bango, in wani ya taɓa ɗaya sai ya zube yana ihu yana buga goshinsa da ƙasa. In aka tada injin niƙa a maƙwabta ma haka, ya toshe kunnuwa ya yi ta kururuwa har muryarsa ta dushe. In ƙishirwa ta kama shi ba ya nunawa, sai dai ya kamo hannun mutum ya ja shi ya ɗora a kan murfin randa, ba tare da ya dubi fuskar mai hannun ba. Kuma duk gidan nan, da yawan mutanensa, hannuna yake nema. Ina ƙin kallonsa, yana zaɓena.

Gidan malamai ne, don haka rubutu ya sha har ya gaji, tofi kuwa safe da yamma. Wata tsohuwa ta ce iska ce, aka yi hayaƙi har idanunsa suka yi ja, babu abin da ya sauya. Maigidana yana sayar da kayan gyaran babura, yana yawan zirga-zirga tsakanin Sabon Birni da Isa, a can ne wani abokin cinikinsa ya ba shi shawarar mu kai yaron babban asibiti a Sakkwato. Lokacin hanya ba ta lalace kamar yanzu ba, ana bi da rana da addu'a a baki. Muka je, aka gwada kunnuwansa aka ce lafiya lau suke, daga nan aka tura mu wurin wata likita mai duba yaran da maganarsu ta yi jinkiri. Ni na zaci allura za ta rubuta. Sai na ga mace babba da ita ta tuɓe takalmi ta zauna a kan tabarma kusa da ɗana, ta ɗauki murafun kwalba tana jerawa yadda yake jerawa. Na ce a raina mun sha wahalar hanya mun zo wurin wadda ita ma ke buƙatar a duba ta.

Bayan ta daɗe tana kallonsa tana yi mana tambayoyi, ta ce lalura ce da ake haihuwar yaro da ita, a asibiti suna ce mata otizim, wasu kuma na cewa galahanga. Ta nanata mini cewa ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba wani abu da na yi ko na bari ne ya jawo ta ba. Wannan magana ina so masu karatu su riƙe ta, don kada wani ya ce kunyata ce ta haifar da lalurar. Ta ce babu ƙwaya babu allura da ke kawar da ita, amma akwai aikin da iyaye kan yi a gida, wanda yake taimaka wa yara da yawa su koyi nuna abin da suke so, ihun da bugun kai su ragu. Ta ce sauran yara suna tsintar magana a tsakar gida ba tare da kowa ya sani ba, shi kuwa irin nasa sai an kai masa ita har gabansa, kaɗan-kaɗan, kullum. Ta nuna mini yadda za ni durƙusa fuskata ta yi daidai da tasa, in kwaikwayi abin da yake yi har ya lura da ni. In ya ja hannuna zuwa randa kada in yi saurin ba shi, in ɗaga moɗa kusa da fuskata in ce ruwa, in ɗan jira. In ya dube ni, ko ya miƙa yatsa, ko ya yi wani sauti, in ba shi nan take, in yi tafi, in rungume shi ya ga farin ciki a fuskata. Ta ce a wurin wanka, a wurin cin tuwo, a wurin sa riga, duk makaranta ce. Sannan ta ce farkon komai shi ne ya san sunansa, a tsayar masa da suna ɗaya, in an kira ya juyo.

Daga nan ta ce to bismilla, in kira shi ta gani. Wallahi bakina ya yi nauyi kamar an ɗaure shi. Na yi dariyar da ba ta da dalili, na ja mayafi na rufe fuska. Ta zaci ban gane ba, ta sake maimaitawa, sai da maigidana ya yi mata bayani cikin in'ina, shi ma kansa a ƙasa, don shi ma bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mahaifansa ba. Ba ta yi mana dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta san al'adar, kuma ba ta raina ta. Amma ta ce in duba in ga wa yaron ya jingina da shi tun da muka shigo. Na duba, ga shi manne da ƙafata yana juya murfin kwalba. Ta ce wanda yaro irin wannan ya yarda da shi, ta bakinsa zai fi saurin koyo, kuma ɗana ya riga ya yi zaɓinsa. Ba ta yi mini alkawarin zai yi magana ba, ta dai ce shekarun nan na ƙuruciya suna da tsada, kada mu yi wasa da su.

Muka dawo gida, aka tambaye mu maganin da aka ba mu, maigidana ya ce an ce a riƙa yi masa hira. Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Sai na samo dabara. Bayan azahar, lokacin da rana ke korar kowa ɗaki, sai in ja ɗana in shige, in saki labule in tura ƙofa kamar wadda za ta ci abin sata. Ranar farko na daɗe a durƙushe gabansa ina motsa leɓe, sunan ya ƙi fita. Da ya fita kuma cikin raɗa ya fita, har na waiwaya in ga ko bango ya ji. Shi ko bai san ina yi ba, yana ta jera ƙwallayensa. Na ɗauki nawa na jera a gefensa. Ya ture hannuna. Washegari na sake, ya sake turewa. Na ci gaba a haka, ina jin kaina wawuya, uwa guda da zane a gwiwa tana wasan ƙwallon dabino.

Abin ya ɗauki watanni, kuma sau da yawa na yi niyyar bari. Amma a hankali sai ya daina ture ni. In na sa ƙwallo sai ya sa nasa a gaba, ya tsaya, kamar yana jiran in sa na gaba. Na fara ɓoye ƙwallo a tafin hannuna in ɗaga kusa da idona, sai ya bi hannun da kallo har idonsa ya faɗa cikin nawa, ya yi saurin kawarwa. Na kawo ƙaramar randa cikin ɗaki don darasin ruwa. Wata rana ya ja hannuna, na ɗaga moɗa na jira, ya yi ƙugi, ya fara neman zubewa, sai kawai ya ɗaga yatsa ya nuna ta. Na ba shi ruwan cikin gaggawa, rabi ya zube a rigarsa. Daga baya har wani ɗan sauti yake yi mai kama da farkon kalmar ruwa. Bugun goshin ya ragu ƙwarai, don ya gane akwai hanyar da ta fi ihu sauƙi. Matan gida suka ce rubutun Malam ya fara aiki, na ce ƙwarai kuwa, Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Ranar da ba za ni manta ba, yana zaune ya ba ni baya yana kallon hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Na kira sunansa kamar yadda na saba, ba tare da na sa rai ba. Sai ya juyo. Ba ƙwallo a hannuna, ba moɗa, ba komai, sunan kawai ya ji ya juyo ya dube ni. Na rungume shi na yi kuka har ya gaji ya zame. A ranar na san ina son yaron nan so irin wanda ban taɓa yi wa wani mahaluki ba, na kuma ji haushin duk tsawon lokacin da na yi ina miƙa shi ga mutane. Da maigidana ya dawo na gaya masa, ya yi murna har da hamdala, amma da na ce ya gwada shi ma, sai ya sosa ƙeya ya ce ni dai in ci gaba tunda hannuna ya faɗa.

Asirina ya tonu ne ta hannun ƙanwar maigidana, budurwa mai barkwanci wadda muke wasa da ita sosai. Ta zo aron tsintsiya, ta tura ƙofa ba sallama, ta same ni ina rarrafe a ƙasa ina kukan akuya, ina kiran sunan mahaifinta da ƙarfi, ina tafi. Ta tsaya baki buɗe, sannan ta kwasa da gudu tana shewa tana cewa, "Ku taho ku ga abin da nig gani!" Ba mugunta ta yi niyya ba, na sani, abin dariya ta gani. Kafin la'asar duk gidan ya ɗauka, kafin Juma'a duk unguwa. Abin da ya ƙara wa labarin daɗi a bakinsu shi ne ni ce, gwanar kunya, wadda ake kafa misali da ita ga sauran amare. A gidan suna wata ta durƙusa ta kwaikwayi rarrafena, mata suka yi ta faɗuwa don dariya. In na shigo wuri sai a yi shiru, sai wata ta yi kukan akuya a hankali. Na yi bayani sau ɗaya, na ce likita ce ta sa ni, aka ce to ita likitar ce ta ce a kama sunan suruki tsirara?

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne Malam da kansa bai hana ni ba. Da maganar ta kai kunnensa, ya tara matan gidan ya ce wannan kunya al'ada ce ba addini ba, ya ce, "Ku bar ta ta kira shi, ɗanta na." Ke nan mai sunan ya yafe, hanya ta buɗe. Amma izinin Malam bai hana a yi mini kallon gefen ido a bakin rijiya ba. Sannan saƙo ya iso daga mahaifiyata ta bakin wata ƙanwar babana, gajere, mai zafi: "Ba a gidanmu kinka ga wanga abu ba." Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, yau ta aiko a gaya mini na zubar mata da mutunci. Na ce a raina za ni ɗan dakata har maganar ta lafa, sannan in ci gaba. Haka na yaudari kaina. Na fitar da ƙaramar randar daga ɗaki, na koma zama a rumfa cikin mata bayan azahar, kowa na ganina.

Shi kuwa yaro bai san an yi wani taro a kansa ba. Lokacinmu na yi sai ya zo ya kama hannuna yana jana zuwa ɗaki, ƙwallayensa dunƙule a ɗaya hannun. Mata na kallo suna danne dariya, ni kuma in zame hannuna in ce a janye yaron nan ya dame ni. Ya yi ta zuwa. Wata rana ma, a gaban kowa, ya tsaya ya dubi idona ya nuna ƙofar ɗakin da yatsa, abin da na sha wahala kafin ya koya. Na kawar da kai. Ya zube ya buga goshi har ya fashe, aka ce iskar ta dawo. Bayan wani lokaci ya daina zuwa.

Ana cikin haka na sami ciki na biyu, laulayi ya sa ni gaba. Mahaifiyata ta aiko a ba ta jikanta ta riƙe, kamar yadda aka saba ɗan fari ya tashi a hannun kaka. Kowa ya ce shawara ce mai kyau, zai sha nono, zai sha iska, ni kuma in huta. Maigidana ya tuna mini maganar likita, ya ce anya? Na ce masa wata nawa ne, in na haihu za ni karɓo shi mu ɗora daga inda muka tsaya. Gaskiyar ita ce so nake in wanke kaina a idon uwata. Ranar tafiya bai yi kuka ba, don a babur za a tafi, shi kuwa yana son babur. Ni ma ban raka su ko zaure ba, kada a ce.

Daga nan 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, hanyar ƙauye ta zama sai an yi shahada. Watannin da na ce suka zama shekara, suka wuce. Da na samu na je da jaririyata a baya, na tarar da ɗana a gindin rumfa, an ɗaure ƙafarsa da tsumma a jikin turke. Mahaifiyata ta ce ba yadda za ta yi, in ta sake shi sai ya miƙe ya nufi daji, in ta kira ba ya tsayawa, ita kuma ga shanu ga daka. Ba ta wulaƙanta shi ba, ya yi ƙiba, rigarsa fes, tana ce masa angonta tana ba shi fura a baki. Amma goshinsa ya yi kanta, kuma babu nuni, babu sautin nan, babu kallo. Da ta shiga ɗaki na durƙusa na raɗa sunansa, ya ci gaba da kaɗa jikinsa gaba da baya. Na so in taho da shi, ta ce hanya ba kyau ga yara biyu, in bari bayan girbi. Na sake bin maganarta, na hau babur na dawo.

Ba a kai girbin ba. Wata safiya, dawa ta yi tsawo ta fi mutum, aka ji harbi daga ƙauyen da ke kusa da su, kowa ya kama gudu. Mahaifiyata ta kwance shi don su tsere, ƙarar ta firgita shi, ya fizge ya faɗa cikin gona. Ta bi shi tana kiran duk sunan da ta sani har mutane suka janye ta da ƙarfi. Da yamma ta iso Sabon Birni a ƙafa, ba ɗankwali, ba jika. Washegari da aka ce maharan sun janye, maza suka shirya komawa nema, na ce ƙafata ƙafarsu. Babu wanda ya iya hana ni. Na shiga gonakin nan ina kiran sunan ɗana da iyakar muryata, a gaban maigidana, a gaban yayyensa, a gaban mazan ƙauyenmu da suka san ni tun ina tallar nono. Sunan da na kasa furtawa a ɗakin likita, ranar na yi ta kwarara shi har maƙogwarona ya bushe, kuma ko mutum ɗaya bai ga abin dariya ba. Ba amsa. Sai bayan azahar wani kawuna makiyayi ya bi sawu ya same shi zaune a tsakiyar dawa, leɓunansa sun tsage don ƙishirwa, yana juya wani guntun kara. Wurin da yake da inda na tsaya ina ihu bai fi jifa ba. Ya ji ni sarai, kunnuwansa lafiya suke. Bai dai san da shi nake ba.

Yanzu muna zaune a Isa, inda maigidana ya mayar da sana'arsa, ɗana yana hannuna. Ya girma, ya yi ƙarfi, in ya fizge ba na iya riƙe shi ni kaɗai. Komawa Sakkwato ya gagare mu saboda hanya, amma mun samu an haɗa mu da wata ma'aikaciyar asibitin ta waya. Ta ce in koma kan aikin, ba a cewa lokaci ya ƙure, yara na koyo ko sun girma, sai dai in yi haƙuri. Ina yi. Kullum ina durƙusawa, ina ɗaga moɗa, ina jira. Wani lokaci yakan bar ni in zauna kusa da shi, iyakar abin da na samu ke nan zuwa yau. Ba za ni yi muku ƙarya in ce ina ganin haske ba. Ƙanwarsa da aka haifa a bayansa tana zuba surutu har tana isata, shi kuwa ko yunwa yake ji sai na ƙiyasta. A ƙasar da ake iya cewa a gudu a kowane lokaci, ina da ɗan da ba ya zuwa in an kira shi. Duk ƙarar da na ji daga nesa, kafin in san ko mene ne, hannuna ya riga ya kai ga wuyan rigarsa.

Ban san ko da na ci gaba a wancan lokaci da yanzu yana magana ba, Allah kaɗai ya sani, likitar ma ba ta ce ba. Abin da na sani shi ne ya taɓa juyowa, da idona na gani, kuma ni na bari. Ba na zagin al'adarmu, ta tarbiyyantar da mutanen kirki, ni ma ita ta tarbiyyantar da ni. Amma an yi ta ne don yaran da duk gida ke iya koya musu magana, ba don irin ɗana ba, wanda ya zaɓi mutum ɗaya tak a duniya. Don haka ina kira ga duk uwar da ta ga ɗanta ba ya waiwayowa, ba ya nuni, ba ya kallon ido, ta kai shi a duba shi da wuri. In an koya mata abin da za ta yi, ta yi shi a tsakar gida, kada ta ɓuya kamar yadda na ɓuya, don abin da aka yi a ɓoye ranar da aka gani shi ke zama abin kunya. Iyaye maza, kada ku sosa ƙeya ku bar wa mata, ku ma ku durƙusa. Ku kuma masu dariya, ku ji tsoron Allah, ba ku san abin da kuke kashewa ba. Matan da suka kwaikwaye ni a gidan suna yau ko tunawa ba sa yi, kowa na fama da tasa. Ni ce kullum da safe nake tsayawa a tsakar gidan haya, in kira sunan ɗana da ƙarfi, maƙwabta su waiwayo, yaransu su waiwayo, ban da shi.